Batiran Kunnen Malam Sale

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shagona na gyaran waya da safen nan aka kira ni daga ƙauyenmu na bayan Auyo, wai Malam Sale ya cika bayan asuba.



Ga wanda bai san shi ba, shi ya koyar da mu a firamare. Idan ruwa ya cinye hanya, shi ke naɗe wando ya tsallakar da mu, yana mitar wai shinkafa ta sa mun yi nauyi. Silifas ɗina na farko na ɗansa ne, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Da girma ya zo, kunnensa ya yi nauyi. Na'urar jinsa ta farko mai batir ce, ƙananan nan kamar maɓallin riga. Guda yakan kai shi mako har da ɗoriya, sai dai samunsa sai an aika Kano. Shi ya sa 'ya'yansa suka sayo masa mai caji, haɗe da 'yar sola. Sabuwar na'urar kuma wuni ɗaya take yi ta nemi wuta. Yakan ce, "Tsohuwar akwai haƙuri. Wannan kuwa kullum sai an ba ta tuwo."

Da ruwa ya fasa jinga bana, gari ya koma tudun makaranta. Solar Malam kaɗai ta tsira, ga hadari kullum, ranar ma sai ta ga dama.

Makon jiya na hau kwalekwale na je duba shi. Na same shi kwance da zazzaɓi, wayoyin mutane jere a gefensa suna jiran layin caji, na'urarsa kuwa tana aljihu a mace tun ranar da suka taso.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Malam! Solarka ce fa!"

Bakina ya kalla, ya yi dariya. "Kai dai Auwalu ba ka daina faɗa ba. Bayin Allah 'yan'uwansu suke nema, ni ina zan ce su dakata?"

Na zare wata waya na jona na'urar tasa. Ta ƙi ɗauka. Ta daɗe a mace, ga laima ta shige ta. Duk dabarata na yi, wallahi ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Sai ya miƙo min wayarsa. Ashe autarsa Hauwa, da ke aure a Fatakwal, ta haihu, an sa wa yaron sunansa. Ta turo saƙon murya har da kukan jaririn. Kowa a tudun nan ya ji, ban da shi.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Tsohuwar tana cikin akwati. Samo min batirinta in ji takwarana. Ko sau ɗaya."

Na nema a Haɗeja, babu. Na aika Kano. Jiya da magariba direban da na aika ya miƙo min, lokacin masu kwalekwale sun riga sun ɗaure. Na ce to, da safe.

Inna, mai ɗakinsa, ta ce jiya da la'asar ya sa an kunna masa saƙon, ya ɗora wayar a ƙirji, ya ce a sake, a sake.

Ga batiran nan a gabana, ko takardarsu ba a ɓare ba. Zuciyata ta karye, jama'a.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa sautin da zai fara ji ya zama sallamar mala'ikun rahama. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Ku sa Hauwa a ciki. Tun ɗazu take kira tana tambayata ko Baba ya samu ya ji yaron.