Rakiyar Kawu Zuwa Fadama

Shekarar da aka ce ina da hawan jini, ina aikin akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma a Wurno. Daga gidana zuwa ofis ba nisa, amma kabu-kabu nake hawa kullum, tahiya da dawowa. Shayina sai an zuba sukari cokali huɗu, goro kuwa ba ya rabuwa da aljihuna. Wata Talata jiri ya ɗebe ni ina tsaye gaban shalf ɗin fayil, aka kai ni asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta auna ni sau biyu, ta ba ni magani, ta ce in rage gishiri da sukari, in riƙa motsa jiki.

Da na dawo gida na samu takarda na jera wa kaina dokoki: ba sukari, ba goro, ba soyayyen nama, gudu kowace safiya, azumin Litinin da Alhamis. Na manna ta a bangon ɗaki. Matata ta karanta, ta dube ni, ta ce Allah ya ba da iko. Kwana tara na yi. Ran na goma aka yi suna a maƙwabta, na ci abin da ya samu, na kora da lemo mai sanyi. Daga nan kunya ta hana ni sake duban takardar.

A lokacin kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune kusa da mu. Daga wani ƙauye na ƙasar Goronyo ya taso bayan rasuwar matarsa, ya samu 'yar gonar albasa a fadama, bayan gari. Mutum ne siriri, marar yawan magana. Wata safiya mun fito masallaci bayan asuba ya riƙo hannun rigata.

"Ɗana, idona ya fara gajiya," in ji shi. "Da sassahe ban rarrabe hanya da rami. Ka riƙa raka ni fadama."

"Kawu, in samo maka mai kabu-kabu mana, ya riƙa kai ka."

"Mi za ni yi da kabu-kabu? Rakiya nic ce."

Ba a yi wa kawu musu. Washegari muka kama hanya. Shi da ya haura saba'in yana gaba, ni ina baya ina haki. Kowa muka gamu da shi sai ya tsaya sun gaisa, masu jakuna, mata masu kai nono kasuwa, masu tura injin ban ruwa a baro. Daga baya na gane a waɗannan tsaye-tsayen nake samun numfashi. Idan mun isa, ya shiga fangalin albasarsa, ni in juyo in yi wanka in tahi ofis.

Bayan sati biyu ƙafafuna suka saki, sai zumuɗi ya dawo mini. Na ce masa bari in wuce har bakin gulbi in dawo da gudu.

"A'a," in ji shi. "Iyakarka nan. Gobe ma rana ta."

Bai taɓa ambaton ciwona ba. Goro ma bai ce in bari ba. In mun isa gona sai ya fasa ƙwara ɗaya, ya ba ni ɓari, ya ce namu ke nan na yau. Tun ina sayen wani a ɓoye da rana har na daina, don na ga ɓarin nan da na ci a gajiye ya fi min daɗi. Sukari kuwa matata ce ta riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, sai da aka yi wata biyu ta faɗa mini.

Akwai lokacin da aiki ya kai ni Sakkwato kwana uku, na dawo da kasala, na ƙara kwana huɗu ban fita ba. Na riƙa sallar asuba a wani masallaci don kada mu haɗu. Ran na takwas na buɗe ƙofa na same shi zaune a dakalin gidana, fartanyarsa a kafaɗa. Na fara jero uzuri, ya miƙe.

"Ni ban tambaye ka jiya ba. Mu tahi, rana na yi."

Wata rana muna tsaye a bakin gona ya nuna mini wani ganyen albasa can tsakiyar fangali, ya ce tsutsa ta kama shi. Na zura ido ban ga kome ba, sai da na taka har wurin na duƙa sannan na ga tsutsar. Na ɗago na dube shi. Ya kau da kai, ya shiga gyaran hanyar ruwa. Ashe idonsa ya fi nawa gani, amma da safe na je rakiya kamar kullum.

Shekara uku muka yi a haka, rani da damina. Wando ya yi mini yawa, barci ya dawo, faɗan da nake yi da mutane a ofis ya ragu. Magani ban bar sha ba, amma ma'aikaciyar jinya ta daina ɗaure fuska in ta auna ni.

Sai gwiwoyin kawu suka ƙi. Ɗiyarsa da ke aure a Rabah ta zo ta tahi da shi. Na ci gaba da fita ni kaɗai, ina gaisawa da mutanensa, suna tambayata jikin tsoho. Duk Asabar ta biyu nakan je in gan shi. Ina samunsa kan tabarma a inuwar dogon yaro, kafin mu gama gaisuwa zai ce, "Ka taka yau?" In na ce na taka, sai ya gyaɗa kai.

Zuwana na ƙarshe ya fi kullum sakin baki. Ya fara ba ni labarin marigayiya mahaifiyata tana yarinya, shekarar da gulbi ya cika ya shiga tsakaninsu da gonar gero, ita kuwa ta ce sai ta kai wa babansu fura can. Ya kai daidai inda ta ɗora ƙwarya a ka ta sa ƙafa a ruwa, aka kira la'asar. Bayan salla hadari ya haɗu, mai motar da zan bi yana ta kira. Na ce ya ajiye mini sauran sai na dawo. Ya ce to.

Ran Laraba aka yi mini waya, kawu ya rasu.

Na tambayi ɗiyarsa ko ta san ƙarshen labarin, ta ce ba ta taɓa jin shi ba. Na tambayi tsofaffin da suka rage a danginmu, babu wanda ya tuna. Gonar kawu yanzu tana hannun wani, shinkafa yake sawa. Har yau nan ce iyakata. Ina isa in tsaya kaɗan a bakin hanyar ruwa, in yi masa addu'a shi da mahaifiyata, in juyo gida kafin rana ta yi zahi.