Ranar da Hajja Ta Tsallaka Titi

Ranar Asabar, ashirin da tara ga Mayun 1999, unguwarmu ta Fagge ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Soja za su miƙa mulki ga farar hula, kowa ya shige gidan da ke da talabijin, waɗanda ba su sami wuri ba sun yi cincirindo a taga. Ina tsakar gida ina wanke kwanukan koko sai na ga kakata Hajja ta leƙa zaure, ta daɗe tana kallon hanya, sannan ta dawo ta ɗauki mayafinta da kwalbar turaren wuta. Ta ce, "Ƙawata, bar wanke-wanken nan. Yau 'yan acaɓa sun tafi kallon gwamnati, tashi mu je mu gaida Mama Nkechi."

Shekarata goma a lokacin, kuma ba ni da kowa a gidan sai ita. Tun da mahaifiyata ta rasu aka kawo ni hannunta, babana kuwa direban babbar mota ne, sai a yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Yaran layinmu ba su ƙi ni ba, amma ba sa nemana. In ana 'yar gala-gala a ƙofar gida ni ce mai gadin takalma, suna kirana 'yar tsohuwa saboda ƙamshin turare ba ya barin jikina. Carafke ma ni kaɗai nake yi a gindin randa, in cinye kaina, in kuma yi wa kaina gori. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, ban dai san sunansa ba.

Hajja Babarbariya ce, ta zo Kano tana amarya, ta tsufa tana haɗa turaren wuta da humra. Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne nuna gari. Duk matar da ta tare a layinmu, in ta kwana biyu sai Hajja ta je ta nemi izinin maigidanta, ta fito da ita su zaga unguwa a ƙafa, ni ina biye da lema. Ga injin niƙan da ba a rage wa mutum gari, ga gidan unguwarzoma, ga lungun da ke ɓullewa kasuwar Kwari, ga kwatar da ke cika in an yi ruwa, ga dakalin dattawan da ba a wucewa sai an rusuna. Ba wanda ya sa ta, halinta ne kawai. Takan ce, "Wanda ya san gari a mota baƙo ne har ya mutu." A irin wannan zagaye kaɗai nake jin ni ma 'yar wani ce, domin duk gidan da muka shiga sai an ce, "A'a, Yagana ce ta girma haka?"

Zagayen kan ƙare ne a Sabon Gari, gidan Mama Nkechi, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja. Mijinta da kakana tare suka yi aiki a tashar jirgin ƙasa, tare kuma matan suka yi zawarcin da ba su ƙara aure ba. Hausar Mama ta fi ta Hajja fita, a kan wannan suke faɗa kullum, ni kuwa ina gefe ina cin soyayyar agada. Ƙafafun Mama sun kumbura, ba ta iya fita, don haka zuwa na Hajja ne.

Sai babban titin da ya raba mu da Sabon Gari ya fi ƙarfin Hajja. Acaɓa suka yi yawa, 'yan tebur suka cinye gefen hanya, wata rana wani ya bangaje ta ta faɗi a kan gwiwa. Tun daga nan sai mu je bakin titi, ta tsaya, ta matse kafaɗata har ta yi mini ciwo, mu juyo. Aka ce ta hau acaɓa, ta ce ita ba ta zama bayan jikan wani. Na ce ta aike ni da gaisuwa, ta harare ni ta ce, "Mama ta fi ƙarfin aike, ƙafata zan kai mata." A wurinta aike raini ne. Haka shekara ta zagayo har ta gota, ba ta je ba, ba ta aika ba.

Ranar nan kuwa titi fayau. Hajja ta tsallaka a hankali, har ta tsaya a tsakiya ta gyara mayafi don ramuwar gayya. Tana tafe tana dariya, tana shirya amsar gorin da Mama za ta yi mata. Da muka shiga gidan sai muka ga wani labule daban a ƙofar ɗakin. Wata maƙwabciya da ta san mu ta fito tana goge hannu. Ta ce, "Hajiya, sai yanzu? Ai 'ya'yanta sun kai ta garinsu tun kafin Kirsimeti, ba ta daɗe a can ba ta rasu. Kafin a tafi da ita, kullum sai ta sa a fitar mata da kujera bakin ƙofa, tana cewa ko na yi wa Hajja laifi ne, ko aike ba ta yi."

Daga wani ɗaki ana ta tafi a talabijin. Hajja ta yi salati, ta miƙa wa matar kwalbar, muka fito. Kafin mu iso titi an watse daga kallo, 'yan acaɓa sun dawo suna ta hon na murna. Muka daɗe tsaye a rana, har wani mai tura kura ya tare mana ababen hawa muka tsallaka. Daga ranar Hajja ba ta ƙara nuna wa kowa gari ba. Amare suka ci gaba da zuwa, kowacce ta koyi hanya da kanta, ni kuma na koma gindin randa.

Yanzu an faɗaɗa titin, an yi gadar sama, an ja shinge a tsakiya. Matasan unguwa sun fara wani zagaye na ƙafa a ƙarshen mako, suna nuna wa baƙi tsofaffin gidajen Fagge, suna kuma roƙon a yi wa tsofaffi da yara wurin tsallakawa. Na taɓa bin su, na ji daɗi, Allah ya yi musu albarka. Sai dai daga waje muke kallon gidajen, ba mu shiga mun gaida kowa ba, ba kuma wanda ya kira sunana. Har yau in na bi ta wurin a mota nakan auna da ido. Abin da ya raba Hajja da Mama bai wuce faɗin titi ba.