Kan Ciyaman, Tumbin Masinja

Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na bar gida, hoton fasfo na sabon Ciyaman ɗinmu yana aljihu. Sakatare ya ce ranar Juma'a za a buɗe sabon ofishin ƙaramar hukuma, in aka wayi gari bango babu zanen mai gida, ni da aikin masinja sai a lahira. Ga baki takwas a gidana, kowanne kamar injin niƙa.

Ƙarfe bakwai muka iso Samaru Kataf a wata akori-kura da ta girmi direbanta. Na ci ƙosan sule ɗaya. Goma da rabi muna Kafanchan.

Yohanna mai zane yana bayan tashar jirgi. Ya karɓi hoton, ya duba gaba, ya duba baya.

"Baba Zakka, wannan ai kan mutum ne kawai. Ina sauran mutumin?"

"Sauran yana ofis."

"Ni ba na zana jikin da ban gani ba. Sa babbar rigar nan, ka zauna."

To, Ciyaman siriri ne kamar karan dawa. Ni kuwa in na je coci, tumbina kan gama gaisawa da Fasto kafin in iso ƙofa.

Talata da Laraba

Na sauka wurin surukina, ma'aikacin reluwe. Tuwon acca safe da yamma, sai ciki ya ƙara gaba. Kwana biyu ina zaune kan kujerar Yohanna kamar gunki. Na roƙe shi ya rage ko da mudu biyu ne.

"Abin da ido ya gani shi hannu ke sawa. Daina motsi, Baba."

Alhamis

Ƙarfe biyu muka taso, na rungume zanen a gaban mota. A shingen Kagoro wani kofur ya sa na buɗe. Ya dubi zanen, ya dube ni.

"Wane ne wannan?"

"Ciyaman ne, Oga."

"Daga wuya zuwa ƙasa dai uwarku ɗaya. Ku wuce."

Da magariba muka isa gida.

Juma'a

Ƙarfe goma aka yaye ƙyallen da ya rufe zanen. Matar Ciyaman ce ta fara magana: "Wannan cikin ba daga tukunyata ya fito ba."

Na fara tunanin inda na ajiye fartanyata. Ciyaman ya daɗe yana kallo, yana shafa ƙirjinsa, sannan ya ce, "Ku rataye. Jama'a su ga hukuma tana cikin ƙoshin lafiya." Ya jawo ni gefe. "Zakka, aikinka yana nan. Amma kada in sake ganin ka tsaye kusa da bangon nan."

Tun ranar, ta taga nake miƙa wasiƙu. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa matata Saratu, wadda girkinta yanzu yake rataye a ofishin gwamnati.