Awa Ɗaya ta Ruwan Maƙwabci

Ina aikin kwamfuta a Riyad lokacin da idon babana ya fara rauni, agogo ya gagare shi karantawa. Hawasharmu, wato gonar ban ruwa, tana gefen garin Suki a Sudan, kuma duk Talata da ƙarfe huɗu na yamma ake sakar mana ruwa bayan na maƙwabcinmu. Sai na rubuta ɗan shirin kwamfuta mai kiran wayar Baba a daidai lokacin, da muryata, yana ce masa ya je ya buɗe. Na yi ta kuri da abin nan har ƙannena suka gaji da ni.

A lokacin agogon Sudan da na Saudiyya ɗaya ne. Maimakon in rubuta wa shirin sunan Hartum ya bi agogon ƙasar duk yadda ya juya, sai na ɗora shi a kan nawa. Ganda ce kawai. Da gwamnatin Sudan ta mayar da agogo baya da awa ɗaya, ban ko tuna ba. Wayar ta koma kira ƙarfe uku, Baba ya riƙa datse ruwan maƙwabci yana juyawa gonarmu.

Maƙwabcin sa'an yayana ne, kunya ta hana shi magana har Talata uku. Da albasarsa ta fara yaushi ya faɗa a ƙofar masallaci. Baba, wanda ba a taɓa jin ya rantse ba, ya rantse a gaban jama'a cewa na'urar ɗansa ba ta ƙarya. Ni kuma na kira mutumin na wanke shi tas, har na ce masa ya sayi agogon kirki.

Da na buɗe shirin, minti biyu ya ishe ni ganin laifina, gyaran ma layi ɗaya ne. Amma na kwana huɗu ban iya kiran gida ba. Kunya nake ji, har yau ma ina jin ta.

Da na faɗa wa Baba, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Kai ka gyara naka. Ni da nir rantse, mi za ni ce ma mutane?"

Ranar Juma'a ya sa aka riƙe masa hannu har ƙofar masallacin, ya tsaya ya ce shi ne ya ci ruwan, ya kuma ce ya yi rantsuwa kan abin da bai gani ba. Ƙanwata ce ta ba ni labari. Ta ce bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.