Ranar da Rabi ta kira sunan mijinta

Matso kusa, ɗan'uwa, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce.

Da kaka ne, an gama cirar gyaɗa. Ƙauyenmu yana can bayan Toranke. Da safe mun soya gyaɗa ni da Rabi, facalata, matar Sale ƙanin maigidana. A turmi ɗaya muke daka, muna lugude, tana tsokanata wai taɓaryata ta tsufa kamar mai ita. 'Ya'yanta biyu suna tsintar wadda ta zube.

Da hantsi muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi daga wajen turken shanu. Kaji suka watse. Mazan da ke zaure suka zabura, na ji takalmansu suna bin bayan katanga. Sale ne ya tsaya ya leƙo.

"Kowace ta shiga ɗaki! Kada wadda ta fita! Maza suke nema!"

Ya faɗa, ya bi 'yan'uwansa. Haka aka saba faɗa tun kakanni, wai mace ba a taɓa ta, ita ce mai tsaron gida. Wanda ya ƙago maganar nan namiji ne, kuma da gudu ya ƙago ta.

Ni dai ban yarda ba. Na keta dangar bayan banɗaki, na tura yara, nawa da nata. Na jawo hannun Rabi. Ta ƙwace. Bara Sale ya kora ta gidansu don ta je barka maƙwabta bai sani ba, sai da dattawa suka sa baki ta dawo. Tun daga nan ko zaure ba ta leƙawa.

"Yaya, kin ji abin da ya ce. Tafi da su."

Ta shiga ɗaki, ta ja ƙyaure.

Muka kwanta cikin dawa, ƙasa da jifa daga gidan. Na toshe bakin ƙaramin da zanena. Na ji an doki ƙyauren langa-langa. Na ji kwanoninta na jere sun zube. Na ji dariyar maza. Sannan na ji Rabi tana kiran Sale, da sunansa, da ƙarfi. Matar da tun aurenta ba ta taɓa faɗar sunan nan ba, sai dai "maigidan". Ta yi ta kira har muryar ta dushe.

Da rana ta take baburan suka tafi da shanu. Hayaƙi ya tashi daga rumbuna. Na koma na same ta a bakin gado. Ban tambaye ta komai ba. Na ɗaura mata zane, na goya ƙaramin, muka fita. Abin haushi, duk shekarun da muka yi a garin nan ba wadda ta san hanya a cikinmu. A mota aka kawo mu, a ɗaki aka ajiye mu. Sawun amalanke muka bi. Rabi tana tafiya tana tsugunnawa. Ana kiran la'asar muka shiga Gafasa, wata tsohuwa ta dafa mata ruwan zafi.

Da ƙura ta lafa muka koma gida, maza ma suka dawo, kowa da labarin jarumtarsa. Suka zauna a ƙofar mai unguwa suna lissafin asara: shanu, rumbuna, babur ɗin wane. Ina ji ta katanga. Ba wanda ya ambaci mace ko ɗaya.

Sale ya daina cin tuwonta. Ya daina shiga ɗakinta. Kafin a yanke dawa ya sake ta, ya riƙe yaran. Da maigidana ya yi masa magana, da kunnena na ji amsarsa. Cewa ya yi, me ya hana ta gudu kamar sauran mata?

Tana Ajingi yanzu wajen gwaggonta, an ce ba ta cika magana ba. Taɓaryarta na nan jingine a bayan ɗakina. Ni kaɗai nake daka, yaranta suna tsintar gyaɗa. Jiya babbar ta tambaye ni laifin da uwarta ta yi.

Kai da ka yi karatu, me zan ce mata?