Ƙasar Sawuna a Madarumfa

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Maraɗi, ni da wani abokina, a bayan kamyon gyaɗa mai zuwa Ɗan Issa. Hanyar ta jijjiga mu har kunun da muka sha ya nemi dawowa. A mararraba direba ya sauke mu, muka ƙarasa Madarumfa a ƙasa.

Abin da ya kai ni shi ne, na gama karatun lakwal, mushe, wato malaminmu, ya ce in zaɓi inda zan karanta hulɗar ƙasashe kafin babban karatun dakta: ko Dakar, ko Faransa, inda a can mutum ke zarcewa daga wannan karatu zuwa na dakta ba tare da ya leƙo gida ba. Ni dai hankalina yana Faransa. Babana ya ce ba shi da ta cewa sai na gaya wa yayarsa Gwaggo, da ke Madarumfa.

Da hantsi muka isa. Kifi ya yi araha a bakin tafki, abokina ya ci soyayye har ya daina amsa mini magana. Amma ni ruwan bai kwanta mini ba. Ko tsuntsu babu, masunta na jan koma ba mai ce wa wani uffan, ga kaburburan waliyyai sun kewaye wurin. Duk ji da bokon da nake yi, sai na tsinci kaina ina rage murya.

A gidanmu, duk mai tafiya nesa Gwaggo ce ke ɗibar ƙasar sawunsa a bakin ƙofa, ta zuba a ɗan gora ta liƙe da danƙo, don ƙasar ta jawo shi gida. Gorunan na rataye a rufin ɗakinta, suna ɗan lilo alhali ba iska.

Da muka shiga wurinta na yi mata bayani. Ba ta tambayi mece ce hulɗar ƙasashe ba. Ta sauko da gora ɗaya, ta ce na wani ƙanenta ne da aka ɗauka soja, daga bariki aka wuce da shi ƙetare bai dawo ya sake taka ƙofa ba. Ta ce in girgiza. Danƙon na nan daram, amma babu komai a ciki. Na girgiza na kusa da shi, na ji ƙasa tana motsi. Tsoro ya kama ni.

"Sawu guda, tahiya guda shika riƙewa, ɗan nan," in ji ta. "In ka ɗora wata bisa wata, ƙasa ba ta san ka ba."

Da za mu tafi na taka bakin ƙofa, ta duƙa da kyar ta ɗiba.

Kafin magariba mun dawo Maraɗi. Da safe na ce wa mushe Dakar zan je, in na gama in zo gida tukuna, sannan a yi zancen dakta. Tafiyar nan ta koya mini cewa ba mai tafiya kaɗai karatun nesa ke ci ba. Ban ce na yarda da gora ba. Amma na ga tsohuwa ta yi shekaru tana girgiza wanda ba komai a cikinsa, ba ni zan ƙara mata na biyu ba.