Shafin da Yaya Ba Ta Ƙarasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, bayan azahar, maigidanki ya kira ofis ya ce rai ya yi halinsa. Kwana tara kika yi a asibiti, Yaya, mu kuwa muna ta zuba ido ki dawo.

Shekara bakwai teburina na kallon naki. Mu muna rubuta manhajar kwamfuta, ke kina rubuta bayanin da wanda ya zo bayanmu zai karanta ya gane. Mai Jan Biro muke kiranki, don ba takardar da ke wuce ki ba gyara.

Ba zan manta shekarata ta farko ba. A manhajar wani ɗakin shan magani na jera shekarun majiyyaci da nauyinsa da tsayinsa, ina kiran kowanne da lambar gurbinsa, sai na ɗauki shekaru a matsayin nauyi. Da ta fita haka, da an auna wa yara magani ba daidai ba. Ke kika gano. Ba ki kai ni gaban shugaba ba, kujera kika jawo kika ce, "Ƙanena, lamba ba ta gaya maka abin da ke ciki. Sa wa kowane gurbi suna, mu ga ko za ka sake ruɗewa."

Daga baya kika fara shafi kan hanyoyin gina irin wannan jeri mai sunaye. Kin gama biyu: ta jero sunayen a layi ɗaya, da ta faɗin irin abin da kowane gurbi zai ɗauka. Kina cikin ta uku ciwo ya kwantar da ke. Daga gadon asibiti kika aiko mini da saƙon murya, numfashinki na sarƙewa: "Kada ka saki shafin nan, ban gwada misalin ƙarshe ba." Na yi dariya na ce ki warke tukuna. Ashe maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Jiya na gwada shi, Yaya. Daidai yake.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Maigidanki da 'ya'yanki mata biyu, da Inna mahaifiyarki da ta ga wannan rana da tsufanta, Allah Ya ba su haƙuri, mu ma Ya ba mu.